Bishiya ɗaya a harabar otal, jan fenti a layin bayanmu

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abu ne ya tsaya mini a maƙoshi tun ranar Talata. An aiko wa makarantarmu takardar gayyata zuwa taron bita kan sauyin yanayi a wani otal cikin gari, shugabarmu ta ce ni zan je. Na bar Karmo shida saura. Ruwan dare ya cika layi, sai da na cire takalmi na riƙe a hannu kafin na tsallake kwatar bakin masallaci. Da na isa ɗakin taro, sanyin na'ura har haƙora yake sa kaɗawa, gaban kowa robar ruwa biyu. Aka yi ta haska mana hoton ƙanƙara tana narkewa a can ƙarshen duniya. Aka raba riga da hula, aka fita haraba aka dasa bishiya guda ɗaya tak, mutum wajen goma sun riƙe shebur ɗaya saboda mai hoto. Aka miƙo kuɗin mota a ambulan. Ban ƙi karɓa ba, kada wani ya tambaye ni.

Na dawo bayan la'asar na tarar an bi layin bayanmu da jan fenti, alamar za a yi rusau. Har bangon Iya mai ƙosai, wadda ta fi shekara 20 a ɗakin nan. Ta tsaya da matsami a hannu tana tambayata me aka rubuta, don ba ta karatun boko. Ina sanye da rigar “mu ceci duniya” nake karanta mata.

To tambayata ke nan. Masu fafutukar muhalli ɗin nan, da mu ake ko da wasu? Kuma in ba da mu ake ba, wace hanya ce tamu?

Sadiq Mararaba: Wa alaikumus salam. Anti, nawa ne a cikin ambulan ɗin? Don a san ko za a riƙa tura mu.

Maman Ilham: Sadiq ka kiyaye ni.

Kwamared Bashir: Anti, ai kin amsa tambayarki da kanki. Wannan taro da wannan jan fenti uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, jari-hujja. A Abuja ƙasa haja ce, kamar buhun shinkafa da ake ɓoyewa sai ta yi tsada. Ku zaga Maitama da Asokoro da Guzape da daddare ku ƙirga gidajen da ba fitila sai ta ɗakin maigadi. Ba don a zauna aka gina su ba, ajiyar kuɗi ce. Wanda ya ɗora bulon gidan kuma yana Nyanya ko Gwagwa ko Mpape, su shida a ɗaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Daga 2003 zuwa 2007, zamanin El-Rufa'i yana minista, ƙungiyar COHRE mai kare haƙƙin matsuguni ta ƙiyasta mutum wajen 800,000 rusau ya raba da matsugunansu a garin nan. A 2006 aka kori 'yan acaɓa daga cikin gari. Duk da sunan tsari da tsafta. Yanzu kuma an samo sabuwar kalma, muhalli. Kalmar ce kawai ke sauya riga.

Injiniya Tukur: Bashir, akwai gaskiya a maganarka amma ka haɗa ta da ƙura. Tsarin Abuja na 1979 ya ware hanyoyin ruwa da filayen da ba a gini a kansu, kuma ba don ado aka ware su ba. Garin nan tsakanin duwatsu yake. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake, dole a bar masa hanya. In ka zuba kankare a kan rafi, rafin bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran Agusta. Ku tuna rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023, ruwa har saman taga, motoci suna iyo. Can ba talakawa ba ne, ma'aikata ne da suka sayi gida da takardu. Lokogoma ma haka take sha kusan duk damina. Saboda haka ba kowane jan fenti ne zalunci ba. Akwai ginin da in ba a cire shi ba, mutane ne za su mutu.

Kwamared Bashir: Injiniya, to wa ya sa hannu aka yi ginin a kan rafin? Iya mai ƙosai?

Injiniya Tukur: A nan kam ba ni da ja. Wanda ya sa hannun da wanda ya sayar sun daɗe da kwashe nasu. Abin da nake cewa shi ne kada mu ce duk maganar ruwa ƙarya ce, don ranar da ya zo ba ya tambayar aƙidar kowa.

Maman Ilham: Injiniya, layin bayanmu kan tudu yake. Ruwan da ke shigo mana daga sama yake gangarowa, tun da aka share gonakin can aka kewaye da katanga aka zuba siminti. Da akwai mangwarori da kashu, yara har makaranta suke zuwa da su a aljihu. Mu da ruwan ke ci mu ne kuma aka shafa wa fenti.

Zainab A.: Salam. Ni ma'aikaciyar irin ƙungiyoyin da ake zagi ce, bari in shigo kafin a gama yanke mana hukunci. Anti Maman Ilham, abin da kika gani na gani ya fi sau hamsin, kuma kunya yake ba ni. Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai ba da tallafi yana Turai, abin da yake so a ƙarshen wata uku shi ne rahoto: mutum nawa suka halarta, mata nawa, hoto ina. Taron otal yana ba da wannan cikin yini ɗaya. Bin shari'ar fili shekara biyar ba ya shiga cikin fom ɗin. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa kun san sauran.

Amma kada a yi mana kuɗin goro. Ku tuna Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙauyen Bagega ya zauna yana jira, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa cikin ƙasar da ta sa masa cutar, sai an kwashe ƙasar tukuna. Gwamnati ta yi alkawarin kuɗi, kuɗi bai fita ba. Matasa ne daga nan Abuja, su Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar Bagega a intanet da gidajen rediyo da ofisoshin 'yan majalisa, ba su saki ba har aka fitar da kuɗin a farkon 2013 aka fara aikin. Daga nan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, ta samo asali. Su ma 'yan ƙungiya ne. Bambancin shi ne sun kama abu ɗaya mai suna, ƙauye kaza, kuɗi kaza, ofis kaza, suka bi shi har gida.

Sadiq Mararaba: Wannan kam na yarda. Amma Anti Zainab a rage shinkafar otal a ƙara irin wancan.

Alhaji Ɗanlami Panteka: Ina ta karatu ina murmushi. Ni ban yi boko mai nisa ba, yarona ke gyara mini rubutu. Shekarata 26 a harkar gwangwan. Kuna ta cewa muhalli muhalli, ku zo Dei-Dei ku ga masu aikin muhalli na gaskiya. Yaro zai fito da asuba da buhu a kafaɗa da ƙarfe mai lanƙwasa a hannu, wani da maganaɗisu ɗaure a igiya yana ja a ƙasa. Kafin azahar ya kawo roba daban, gorar ruwa daban, alminiyon daban, jan ƙarfe daban, kwali daban. Mu auna a sikeli mu biya shi. Gorar a matse ta a ɗaure, tirela ta kwasa zuwa Kano ko Legas, a narka ta dawo wani abu. Hannun yaran nan duk yanka ne, kwalba da allurar asibiti, babu safar hannu babu takalmin kirki. In da za su zauna gida wata ɗaya, wallahi kwatocin Wuse da Garki sai sun toshe da gora. Amma sunansu baban bola, ɓarayi. A watan Janairun 2025 aka hana su yawo cikin gari, aka rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda masu sace murfin rami na kan titi. Ban ce babu ɓata-gari ba, akwai, ni kaina na sha korar mai kawo mini wayar wuta da murfin kwalbati. To a kama ɓarawo mana. Wanda ya zo da jaka da turanci ya ce zai sake sarrafa shara, a ba shi lambar yabo. Wanda ya shekara 20 yana yi da hannunsa, a ƙona masa buhu. Ko sau ɗaya ba a taɓa kiran ɗayanmu irin taron da Maman Ilham ta je ba.

Zainab A.: Alhaji, wannan ta same ni. Gaskiya ne, ban taɓa ganin ɗan gwangwan a kan teburin manya ba.

Kwamared Bashir: Alhaji Allah ya ƙara girma, amma da izininka. Yaron da ke yanke hannu, nawa yake samu a kilo, nawa kake sayarwa? Jari-hujja ba a Maitama kaɗai take ba.

Alhaji Ɗanlami Panteka: Yaro, zo ka zauna a rumfata yini ɗaya ka ga kuɗin mota da na masu tare hanya, sannan ka yi mini lissafi. Amma ban ƙi ba, mu ma akwai gyara a wajenmu. Safar hannu dai zan saya, ka ci wannan.

Baba Danladi: Gaisuwa ga kowa. Na daɗe a zauren nan ban cika magana ba. Ni Gbagyi ne, ba Gwari ba, don Allah a riƙa faɗa daidai. Ina jin ku kuna cewa an tashe mu, za a tashe mu. Ina taya ku jin zafi. Amma ku sani kafin a shafa wa kowa jan fenti, mu aka fara shafa wa, kuma namu ba a bango aka shafa ba, a takarda ne. Dokar soja ta 1976, zamanin Murtala, ita ta mai da ƙasar kakanninmu ta tarayya. Da farko aka ce za a kwashe kowa a sake masa wuri a biya shi. Da aka ga kuɗin, aka fasa, aka ce sai wanda aiki ya iso kansa. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Na Maitama aka kai Kubwa. Sunan ƙauyukanmu ne a kan unguwannin da Bashir ke ƙirga gidajensu. Har yau tsarin mulki ya ce duk ƙasar Abuja ta gwamnatin tarayya ce, ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Hoton Ladi Kwali, 'yarmu mai ginin tukwane, yana bayan naira 20, ita ke nan.

Bara na kai jikana ya ga inda aka binne kakana. Akwai wata tsohuwar ɗorawa da muke gane wurin da ita. Muka tarar da katanga da waya mai wuta a sama, maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce wa muke nema. Na rasa sunan da zan faɗa masa. Ɗorawar ma babu.

Kuma in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Da yawanku a hannun 'yan'uwana kuka sayi filayen da kuke ciki, da takardar mai unguwa, alhali mai sayarwa ya san takardar ba ta tsayawa a gaban hukuma. Yunwa ce ta sa, gona ta tafi. Amma in katafila ta zo, sai a ce gidan ɗan ƙasa a bari sai an sake masa wuri, na baƙo a rushe. Da haka ake raba mu, kowa ya koma yana harara maƙwabcinsa.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ba da haƙuri. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Takardar gidanmu ma irin wadda ka faɗa ce.

Malam Habu: Baba Danladi ya yi magana ta dattako. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Kada takaicin taron otal ya sa mu raina dashen bishiya, Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da shi, ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi. Haka kuma ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, makiyaya da wuta. To ku duba unguwanninmu. Madatsar Usuma tana nan kusa da Ushafa, bututu ya wuce cikin gari, mu kuwa sai mai ruwa da kurarsa, jarka jarka. Talaka ya fi mai kuɗi biyan ruwa da tsada. Wannan maganar mumbari ce, kuma na ɗauki laifin cewa ban taɓa yin huɗuba a kanta ba.

Zainab A.: Malam, bishiya ma ai tana da haƙora in an so. Wangari Maathai ta Kenya da dashen bishiya ta fara a 1977, ita da matan karkara. Amma a 1989 da gwamnatin Moi ta so gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru a Nairobi, ita ta tsaya har aka fasa. An zage ta, daga baya an doke ta, an tsare ta. Lambar Nobel sai a 2004. Wanda ya dasa bishiya ya kuma tsaya ya kare ƙasar da take kai, shi ake tsoro.

Kwamared Bashir: To ai maganata ke nan. Titi. NEPU ba da takardar roƙo ta karya lagon masu sarauta ba. Gambo Sawaba sau nawa aka ɗaure ta? Ken Saro-Wiwa da mutum takwas aka rataye ranar 10 ga Nuwamba 1995 saboda maganar man da ya lalata ƙasar Ogoni. Mu fito mu tare hanyar Karmo da safe, ma'aikata su kasa shiga gari, ku gani in ba a zo an saurare mu ba.

Hajiya Turai: Bashir, ɗana. Ɗan ƙanwata yana cikin yaran da aka kama lokacin zanga-zangar Agustan 2024. Ka ga hotunan da aka kawo yara kotu nan Abuja a watan Nuwamba, suna faɗuwa don yunwa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wata uku uwarsa ba ta san barci ba. An sake su, alhamdu lillahi, amma yaron har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Masu kiran a fito da yawansu suna da lauya da fasfo. Ban ce kada a nemi haƙƙi ba. Na ce in za ka kira 'ya'yan mutane titi, ka fara tanadar wanda zai bi su ofishin 'yan sanda.

Kwamared Bashir: Hajiya, na ji, kuma Allah ya ba shi lafiya. Amma tsoron nan shi suke so mu ji.

Hajiya Turai: Na sani. Ni dai na ga abin da na gani.

Shugaban zaure: Jama'a a yi hattara, kada a sa rana ko wurin tare hanya a zauren nan. Mu 200 da wani abu ne, ba kowa muka sani ba. A ci gaba.

Barista Rabi: Na shigo a makare, ina kotu. Maman Ilham, ga abin da na sani. A 2012 aka sanar za a rushe Mpape. Mutanen wurin suka haɗa kai, 'yan ƙasa da baƙi, masu gida da 'yan haya, suka shigar da ƙara. Shari'ar ta ja har watan Fabrairun 2017, kotu ta ce rusau ɗin da aka shirya ya saɓa doka. Mpape tana nan har gobe, da ƙurar fasa dutsenta da komai. Ban ce kotu aljanna ce ba. A Otodo Gbame ta Legas akwai umarnin kotu a hannu aka rushe su a 2017. Amma wanda ya je da takarda ya fi wanda ya je da kuka.

Abin da ke kashe irin ƙararrakin nan shi ne a zo gaban alƙali a ce “mutane da yawa”. Su nawa? Gida nawa? Tun yaushe? Don haka tun kafin komai, a bi layin gida gida. Sunan mai gida, 'yan haya nawa, yara nawa ke makaranta, shekarar da aka zauna. Duk wata takarda a ɗauki hotonta, ta mai unguwa, rasit ɗin wuta, rasit ɗin haraji, katin rigakafin yara mai adireshi. A ɗauki hoton fentin da abin da aka rubuta da kwanan wata. A rubuta wasiƙa a nemi a faɗi dalili a rubuce, a karɓo kwafi mai hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambayar wa aka ba filin da kuma me aka tsara yi da shi. Kuma Injiniya, a nan za ka yi amfani. In za su ce hanyar ruwa ce, muna son wanda zai nuna daga ina ruwan ke tasowa.

Injiniya Tukur: A haɗu ranar Asabar, zan zo. Maman Ilham, in an yi ruwa kafin Asabar a sa wani yaro ya ɗauki bidiyo tun daga katangar can sama har zuwa kwatar masallaci, yana tafe yana bin ruwan, kada ya yanke. Amma in faɗa tun yanzu, in na ga akwai gidan da ke kan hanyar ruwa da gaske, zan faɗa, ko na waye.

Maman Ilham: Ka faɗa. Gara mu ji daga bakinka.

Kwamared Bashir: Ƙirga gidaje ba zai taɓa tsarin da ke haifar da rusau ba. Ku ci wannan shari'ar, gobe su shafa wa Gwagwa. Amma zan zo, ina da kwamfuta, ni zan shigar da sunayen.

Barista Rabi: In mutum 300 suka san sunan juna da lambar juna, Kwamared, ko titin kake so daga baya ai ka sami waɗanda za ka kira.

Baba Danladi: Mai unguwar wajen ɗan ƙanen matata ne. Zan yi masa magana ya zauna a taron, don kada a ce baƙi ne suka haɗa kai a kan 'yan ƙasa. Amma a rubuta har da gonakin da aka kewaye can sama, na wa ne da, an biya ko ba a biya ba.

Zainab A.: Akwai ragowar kuɗin buga takardu a wani aikinmu, zan tambayi shugabata ko za a iya buga fom ɗin da shi. Ban yi alkawari ba. In ta ƙi zan buga da nawa, kwafi 100 dai ba zai kashe ni ba.

Malam Habu: A yi a farfajiyar makarantar allo bayan la'asar, akwai tabarmi. Baba Danladi da mutanensa bismillah, wurin kowa ne.

Sadiq Mararaba: Daga Mararaba zuwa Karmo ranar Asabar, mota uku ke nan, kuma tun da aka cire tallafin mai kun san yadda abin yake. Akwai ambulan?

Maman Ilham: Akwai ƙosan Iya. Yanzu na fito daga wajenta, ta ce a tambayi Barista ko katin zaɓenta na 2011 zai yi, don shi kaɗai ne takardar da ke da sunanta da sunan unguwar, sauran ruwan bara ya cinye.

Barista Rabi: Zai yi. Ta sa shi a leda ta zo da shi.